Waƙoƙinmu a faifai da kwamfuta: yadda za mu kunna, mu kwafa, mu kuma adana

A yawancin majami'un ƙauye da muke ziyarta akwai wani akwati ko kwali a ofishin fasto ko a gidan shugabar mata. In aka buɗe shi sai a tarar da kaset-kaset da faya-fayan CD. A ciki akwai waƙoƙin Zumuntar Mata, da na ƙungiyar mawaƙa, da na matasa, wani lokaci har da wa'azin wani tsohon mai bishara da ya riga ya huta. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan ba su cikin kowane littafi. Iyayenmu ne suka tsara su da Hausa ko da harsunansu, kamar Bura, Ngas, Tangale, Berom da Bajju. In kaset ko faifan ya lalace, waɗanda suka san waƙar kuma suka tafi, shi ke nan waƙar ta ɓace.

Mun ga haka da idonmu a wata ikilisiya da muke aiki tare da ita. Shekaru da yawa da suka wuce matan wurin sun tara kuɗi, suka je birni aka ɗauki waƙoƙinsu goma sha biyu. A kwana a tashi, faifai ɗaya ne kaɗai ya rage. Wani saurayi ya sa shi a kwamfuta ya kwafi abin da ya gani zuwa filash, kowa hankalinsa ya kwanta. Daga baya faifan ya fashe. Ranar jana'izar uwar da ta tsara yawancin waƙoƙin, aka sa filash ɗin a na'ura, ba abin da ya fito. Sunayen waƙoƙin suna nan, amma babu murya. Saurayin bai yi sakaci ba, ba a taɓa nuna masa yadda ake yi ba ne. Domin kada wannan ya sake faruwa a wani wuri muka rubuta wannan bayani.

Me ke cikin faifan CD?

Kamfanonin Philips da Sony ne suka haɗa kai suka ƙirƙiro faifan CD, aka kuma fara sayar da shi a ƙasar Japan a shekarar 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2. Kamar yadda mata suke fara saƙar faifan rufe ƙwarya daga cibiya suna zagayawa har baki, haka waƙa take kwance a kan CD. Layi ɗaya ne siriri da ya fara daga tsakiya yana zagayawa zuwa gefe, kuma da za a miƙe shi zai wuce kilomita 5. A kan layin akwai ƙananan alamu da ido ba ya gani. Babu allura ko wani abu da yake taɓa faifan. Wani siririn haske da ake kira leza ne yake haska alamun, na'urar kuma ta mai da su sauti.

Faya-fayan CD iri uku ne, kuma yana da kyau mu san bambancinsu.

Na farko shi ne wanda aka buga a masana'anta. An dannawa jikinsa alamun tun wajen ƙira, saboda haka ya fi sauran daɗewa.

Na biyu shi ne CD-R, wato faifan da ake saye babu kome a kai. A cikinsa akwai wani siririn shafi na rini. In za a sa waƙa, leza takan zafafa rinin ta bar tabo wuri-wuri. Shi ya sa ake cewa an ƙona faifai. Sau ɗaya ake rubutu a wurin, ba ya goguwa. Yawancin faya-fayan da ƙungiyoyinmu suka yi irin wannan ne, kuma rana da zafi da danshi suna ɓata rinin a hankali.

Na uku shi ne CD-RW, wanda ya fito a 1997. Ana iya goge shi a sake rubutu, amma tsofaffin na'urori da yawa ba su karanta shi.

Faifan DVD kama yake da CD a ido, amma yana ɗaukar gigabait 4.7, wato fiye da ninki shida na abin da CD ke ɗauka. Na'urar DVD takan kunna CD, amma na'urar CD ba ta kunna DVD.

Waƙa a cikin kwamfuta

A cikin kwamfuta ko waya, kowace waƙa fayil ce. Iri biyu ne muka fi bukatar sani.

WAV yana riƙe sautin gaba ɗaya kamar yadda yake a faifai. Minti ɗaya yakan ci wajen megabait 10.

MP3 kuwa an matse shi ne. Masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ne suka yi babban aikin ƙirƙiro shi, aka kuma amince da tsarinsa a farkon shekarun 1990. Yana zubar da ɓangarorin sauti da kunne bai cika lura da su ba, domin fayil ɗin ya ƙanƙance. In an sa ingancinsa a lamba 128, minti ɗaya yakan ci wajen megabait 1 kawai. In an ɗaga lambar zuwa 192 ko 320, sautin ya fi kyau, fayil ɗin kuma ya fi girma.

Mu riƙe wannan: abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Kamar garin da aka tankaɗe aka zubar da dusar ne. Saboda haka waƙar da muke so mu bar wa jikoki, mu adana ta a WAV, sa'an nan mu fitar da MP3 daga cikinta domin raba wa mutane.

Wani albishir shi ne, kwafar fayil ba ta rage kyan sauti. Mun tuna yadda kaset yake: in an kwafa daga wanda shi ma kwafi ne, murya sai ta dusashe, ƙara ta yi yawa. Fayil ba haka yake ba. Kwafi na ɗari daidai yake da na farko, muddin ba a sake matse shi ba.

Manhajojin kunna waƙa

Kwamfuta tana bukatar manhaja kafin ta kunna waƙa. Ga guda uku da suka ishe mu wannan aiki.

Windows Media Player. Ta daɗe tana zuwa tare da kwamfutoci masu Windows. Tana kunna waƙa, tana kwashe waƙa daga faifai, tana kuma ɗorawa. A Windows 11 an ƙara kalmar Legacy a ƙarshen sunanta, domin a bambanta ta da sabuwar manhajar da ake kira Media Player.

VLC. Ɗalibai ne suka fara ta a ƙasar Faransa, an kuma sake ta kyauta ga kowa tun 2001. Tana kunna kusan kowane irin sauti da bidiyo, har da faya-fayan VCD da DVD. In wani fayil ya ƙi buɗuwa, a gwada shi da VLC kafin a yanke ƙauna.

Audacity. Ita ma kyauta ce, ta fito a shekarar 2000. Da ita ake ɗaukar murya, a yanka, a gyara.

Yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su zuwa da wurin sa faifai. Ana sayar da wata ƙaramar na'ura ta karanta faifai da ake jonawa ta kafar filash. Guda ɗaya ta isa ikilisiyoyi da yawa su riƙa aro a tsakaninsu. Kafin a saya a tabbata tana iya rubutu a faifai, ba karatu kaɗai ba.

Kwashe waƙa daga faifai zuwa kwamfuta

A nan ne saurayin nan ya yi kuskure. In aka sa faifan waƙa a kwamfuta aka buɗe shi kamar folda, za a ga sunaye kamar Track01.cda, Track02.cda. Waɗannan ba waƙoƙin ba ne. Alamu ne kawai da ke nuna wa kwamfuta inda kowace waƙa ta fara a jikin faifan, kuma girman kowanne bai kai kilobait 1 ba. Wanda ya kwafe su kamar wanda ya ɗauki allon da ke nuna hanyar rijiya ne ya kai gida, yana tsammani ya ɗebo ruwa. Muddin faifan yana cikin kwamfuta za su yi kamar suna aiki. Da zarar an cire shi, sai shiru.

Ga hanyar da ta dace:

1. A goge faifan, a sa shi, a buɗe Windows Media Player.
2. A shiga wurin da aka rubuta Rip settings, a zaɓi irin fayil. In ba a zaɓa ba, manhajar takan yi amfani da WMA, wanda wasu rediyoyi da na'urorin mota ba su kunnawa. A zaɓi WAV domin ajiya.
3. A danna Rip CD, a jira ta gama dukan waƙoƙin.
4. A canza zaɓin zuwa MP3 mai lamba 192, a sake yi, domin a sami na rabawa.
5. A cire faifan daga kwamfuta. Sa'an nan a kunna kowace waƙa a saurara daga farko zuwa ƙarshe.
6. A ba kowace waƙa sunanta na gaskiya, da sunan ƙungiya, da shekara. Bayan shekara biyar ba wanda zai tuna ko wace ce Track 7.

Mataki na biyar shi ne mafi muhimmanci. A kuma duba girman fayil. Waƙar minti biyar a MP3 za ta kai megabait 5 ko fiye, a WAV kuma wajen megabait 50.

Ɗora waƙa a kan faifai

Kafin a fara, sai a yi tambaya ɗaya: da wace na'ura za a saurara? Amsar ce za ta nuna irin faifan da za a yi.

Faifan sauti, wanda manhaja take kira Audio CD, yana ɗaukar minti 80 ne, kome ƙanƙantar fayilolin. A nan lokaci ake ƙirgawa. Yana aiki a kusan kowace na'urar CD.

Faifan ajiya, wato Data CD, yana ɗaukar megabait 700. In MP3 mai lamba 128 aka zuba, zai ɗauki fiye da sa'a 11 na waƙa. Amma sai kwamfuta, ko na'urar DVD ko rediyon da aka rubuta MP3 a jikinsa ne za su kunna shi.

Matakan su ne:

1. A sa sabon CD-R.
2. A Windows Media Player, a danna Burn, a zaɓi Audio CD ko Data CD.
3. A jawo waƙoƙin da linzamin kwamfuta zuwa jerin da ke gefen dama, a shirya su yadda ake so su bi juna.
4. A cikin Options a rage saurin rubutu zuwa Medium ko Slow. Sannu ba ta hana zuwa. Faya-faye masu araha sukan fi fita da kyau in ba a gaggauta ba.
5. A danna Start burn. Kada a girgiza tebur, kada a buɗe wasu ayyuka a kwamfutar har sai ta gama.
6. A gwada faifan a na'urar da za a yi amfani da ita a majami'a, tun kafin ranar taro.

In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, faifan ya lalace. Saboda haka ya fi kyau a yi aikin da kwamfutar hannu wadda batirinta ya cika, musamman inda ake dogara ga janareto ko sola.

Tsofaffin kaset

Kaset ya girmi CD. Philips ya fito da shi a 1963, kuma da shi aka ɗauki mafi yawan tsofaffin waƙoƙinmu. Zarensa yakan kama fumfuna da damina, yakan manne, yakan tsinke. Rikodojin da ke kunna shi ma suna ƙarewa. Don haka kaset ne ya kamata mu fara ceto.

Da farko a dubi saman kaset ɗin. Akwai 'yan ƙananan harsuna biyu na roba. A ɓalle su, domin kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ya goge waƙar. A goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. A gwada rikodar da kaset marar muhimmanci, domin a ga ko tana cin zare. Sai a tura kaset ɗin gaba har ƙarshe, a dawo da shi, domin zaren ya saki.

Bayan haka a jona waya daga kafar abin sauraro na kunne ta rikoda zuwa kafar shigar sauti ta kwamfuta. In kwamfutar ba ta da wannan kafa, akwai ƙaramar na'urar sauti da ake jonawa ta kafar filash. A buɗe Audacity, a danna jan maɓalli, a kunna kaset. A rage ƙarar rikoda yadda sautin ba zai fashe ba. Babu hanyar gaggawa a nan: kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe, kuma sai an zauna an saurare shi duka. In an gama, a adana shi a WAV.

Muna ba da shawara a gayyaci tsofaffi su zauna a wurin. Su ne za su ce wannan muryar wance ce, wannan waƙar an tsara ta ne lokacin da aka gina majami'a ta farko. Wani ya riƙa rubutawa.

Yadda za a kula da faifai

A riƙe shi ta gefe ko ta ramin tsakiya.

A goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe. Kada a bi zagaye, domin ƙarzanar da ta bi layin waƙa ta fi ɓarna.

Gefen da ake rubuta suna ya fi gefe mai ƙyalli rauni. Shafin da ke riƙe waƙar yana dab da ƙarƙashinsa. Kada a yi rubutu da biro ko fensir, kada a liƙa salatif. A yi amfani da maka mai laushin baki.

Kada a bar shi a rana, ko a gaban mota, ko a ƙarƙashin kwanon rufi inda zafi ke taruwa.

A sa kowanne a gidansa, a jera su a tsaye cikin akwati mai murfi, saboda ƙurar hunturu da danshin damina.

Kwafi uku

Yau mutane kaɗan ne suke sauraron CD. Waya da katin memori da filash sun karɓe wurin, ana kuma tura waƙa ta bulutut ko WhatsApp. Wannan ya sauƙaƙa rabawa ƙwarai. Amma kada mu ɗauka waƙar da ke cikin waya ta tsira. Waya takan ɓata, takan faɗa ruwa. Katin memori yakan mutu rana ɗaya ba sallama, wanda aka ajiye shekaru ba a amfani da shi kuma yana iya rasa abin da ke ciki. Akwai na jabu a kasuwa, waɗanda girman da aka rubuta a jikinsu ƙarya ne. Filash ɗin da ke yawo daga shago zuwa shago kuma yakan ɗauko cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli.

Babu abin ajiya ɗaya da za a dogara gare shi. Abin da masu aikin adana tarihi suke yi shi ne: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifai a ofishin fasto, ɗaya a filash a hedkwatar gunduma ko a wata ikilisiya. In gobara ko ambaliya ko tashin hankali ya afka wa gari ɗaya, waƙoƙin suna nan a wani garin. Kada a jefar da kaset ko faifan asali ko da an kwafe shi.

A zaɓi lokaci ɗaya a shekara, kamar makon godiyar kaka, a kunna dukan kwafin a ji. Wanda ya fara tsalle ko ya ƙi buɗuwa, a sake yin sabo daga mai kyau. A kuma buɗe littafi na musamman: sunan waƙa, wanda ya tsara ta, harshe, shekara, da inda kowane kwafi yake. In an canza shugabanni, a miƙa littafin tare da sauran kayan ikilisiya.

Haƙƙin mawaƙa

Iya kwafa bai ba mu izinin kwafar kome ba. Mawaƙin da ya fitar da faifai ya biya kuɗin ɗakin ɗaukar murya, da makaɗa, da mota. In mutum ɗaya ya saya, sa'an nan aka kwafa wa jama'a duka ko ana sayarwa a bakin majami'a, an cuci mawaƙin, ko da waƙar ta yabo ce. A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare waƙa duk tsawon ran mai ita da shekara 70 bayan rasuwarsa. In muna son waƙar wani, mu saya ko mu nemi izini.

Waƙoƙin ƙungiyoyinmu ma suna da masu su. Kafin a raba ko a sa a intanet, a zauna da ƙungiyar da iyalan waɗanda suka tsara su. A yarda a kan wanda zai riƙe, da ko za a sayar, da inda kuɗin zai tafi. A rubuta yarjejeniyar a littafin nan.

Matan da muka ba da labarinsu sun taru sau da yawa suna tuna wa juna, har suka dawo da waƙoƙi takwas. Matasa suka ɗauke su, kuma yanzu suna ajiye a wurare uku. Sauran huɗun, har yau ana tambaya a ƙauyukan da 'ya'yansu suka yi aure, ko wata tana da tsohon kwafi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne kaset da faya-faye muke da su a ikilisiyarmu? Suna hannun wa? Yaushe aka saurare su na ƙarshe?
2. Akwai waƙoƙin da tsofaffi kaɗai suka sani, waɗanda ba a taɓa ɗauka ba? Wa zai je wurinsu a wannan watan?
3. Wa yake da kwamfuta ko rikoda mai aiki a gundumarmu? Yaya za mu yi amfani da su tare?
4. Waɗanne matasa biyu, namiji da mace, za mu ba wannan aiki, wane dattijo ne kuma zai tsaya tare da su?
5. Ta yaya muke samun waƙoƙin da muke sauraro a wayoyinmu? Masu su suna amfana?